Yadda Na Binne Kebul ɗin Wutar Lantarki Daga Falwaya Zuwa Sabon Gidana

Gidan da na gina yana wata unguwa ce mai tasowa a ƙaramar hukumar Kumbotso, a gefen birnin Kano, inda filaye suka fi gidaje yawa, titunan kuma har yanzu ba su ga kwalta ba. Da aka gama rufi aka kammala wayarin na cikin ɗakuna, sai maganar jawo wuta daga layin kamfani ta taso. Hanyar da kowa ya saba da ita a irin wannan unguwa ita ce a ɗauro wayar alminiyom daga kan falwaya, ta ratso sama ta sauka a jikin bangon gida. Ban amince da wannan hanya ba, domin na sha ganin yadda iskar farkon damina ke tsinka irin waɗannan wayoyi ta yar da su a ƙasa da wuta a jikinsu, a unguwar da yara ke wasa a titi tun safe har magariba, kuma na ga yadda tifofin yashi da motocin bulo, waɗanda ba sa rabuwa da wurin da ake gine-gine, ke laƙato duk wayar da ta ɗan yi ƙasa. Falwayar da ta fi kusa da ni tana gaba da filin maƙwabcina, saboda haka in da ta sama zan bi, sai na kafa wani turke a ƙofar gidana. Na yanke shawarar kebul ɗin ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa, duk da sanin cewa kuɗinsa zai ninka na wayar sama sau da dama.

Kafin a taɓa diga, na nemi injiniyan wuta mai takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba ingancin ayyukan lantarki a Najeriya da tantance masu yin su. Shi ne ya cike takardar neman sabon layi, ya sa hannu cewa wayarin na gidan ya cika ƙa'ida, muka miƙa ta ga ofishin KEDCO na yankinmu, wato kamfanin da ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamba na 2013. Ma'aikacin da ya zo duba wurin bai yi musu a kan binne kebul ba, amma ya kafa sharaɗi guda, cewa mitar wuta za ta zauna a kan falwaya ne, a cikin akwatinta, ta yadda duk abin da zai shiga ƙasa zai kasance bayan mita. Na ga hikimar sharaɗin nan take. Kebul ɗin da aka binne kafin mita ƙofa ce ta zargi, domin babu wanda zai iya rantsuwa cewa ba a tsaga shi a ƙarƙashin ƙasa an zagaye mitar ba, kuma ba na son ranar da za a zo a ce sai an tone tsakar gidana kafin a wanke ni. Irin mitar da ake sawa a yanzu kashi biyu ce: mai ƙirga wutar tana sama, ƙaramin allon da ake danna lambobi 20 na katin wuta kuma yana cikin gida, don haka zamanta a waje ba zai wahalar da ni ba.

Abin da ya fi ɗaukar mana tunani shi ne kaurin kebul. Mun ja tef daga akwatin mita zuwa inda allon rarraba wutar gidan yake, muka haɗa gangarowa daga falwaya, da tafiya ta gaban filin maƙwabci, da ratsa tsakar gida, da ɗan rarar da ake bari a kowane baki, jimilla ta kama mita 70. Masu sayar da kaya da ma wasu masu gyaran wuta sun ce mini mai kaurin milimita murabba'i 10 ya ishi gidan zama, wai ai shi mutane da yawa ke sawa. Injiniyan ya zaunar da ni a kan bulo ya yi lissafin a gabana, a bayan takardar buhun siminti. Wutar ƙasarmu a ƙa'ida bolt 230 ce a layi ɗaya, 400 kuma a tsakanin layuka biyu, kuma kowace waya tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar gwargwadon tsawonta da siririntarta da nauyin da aka ɗora mata. Idan layuka ukun duka suna da wuta, nauyin gidan ya rabu a kansu, ƙaramin kebul ma zai iya ɗauka. To amma duk wanda ya zauna a Kano ya san cewa sau da yawa fis ɗaya ko biyu kan tsinke a taransifoma, layi ɗaya kaɗai ya saura, maigida kuma ya juya gidan kacokan ya koma kan wannan layin: na'urorin sanyaya ɗaki, da injin tura ruwa na rijiyar burtsatse, da firij, da dutsen guga. Ya ƙiyasta wannan nauyi a kan ampiya 60. A tsawon mita 70, kebul mai milimita 10 zai zubar da kusan bolt 18 a hanya, mai 16 zai zubar da kusan 12, mai 25 kuwa kaɗan ne sama da 7. Ya ce da ni, "Alhaji, da a ce wutar tana isowa falwaya a 230 cif, da ban matsa maka ba. Amma da daddare a lokacin zafi, idan ta iso a 195, ka cire 18, me ya rage wa injin ruwanka? Zai yi ta gurnani ne har ya ƙone."

Akwai kuma batun zafi, wanda ban taɓa kawo shi a raina ba sai da ya bayyana mini. Wayar da ke sama iska ce ke sanyaya ta, amma wadda ke ƙasa sai dai ƙasar da ke kewaye da ita ta janye mata zafi, kuma busasshiyar ƙasa ba ta iya wannan aikin sosai. Jadawalin da injiniyoyi ke dubawa an gina shi ne a kan ƙasa mai sanyi da ɗan danshi, ba irin tamu ta watan Afrilu ba, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, saboda haka dole ne a rage wani abu daga ƙarfin da jadawalin ya rubuta wa kowane kebul. Da wannan muka tsaya a kan kebul na jan ƙarfe mai jijiya huɗu, milimita 25, mai rufin roba nau'in XLPE, wanda ke jure zafin digiri 90, saɓanin rufin PVC da ke tsayawa a 70, sannan mai sulken wayoyin ƙarfe a kewaye. Na alminiyom ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da shi, sai dai wutar da yake ɗauka ba ta kai abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka ba, ga shi bakunansa suna bukatar kulawa ta musamman a wurin ɗauri. A ganina, abin da za a rufe da ƙasa a shimfiɗa masa kankare a kai, ba nan ne wurin neman rangwame ba, domin wayar sama idan ta yi ƙaranci ana sauya ta da tsani cikin yini, wannan kuwa sai an fasa daɓen gida.

Sayen kebul ɗin a Sabon Gari ya zo a lokacin da farashin duk wani abu mai jan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabi, bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023, kuma tsada irin wannan ita ke buɗe wa jabu kasuwa. A wani shago an nuna mana kebul mai rubutun 25 a jikinsa, farashinsa kuma ya yi sauƙin da ya sa injiniyan ya nemi a yanko masa ɗan guntu. Ya feɗe rufin da wuƙa, ya kankare jijiyar, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan: alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. A wani shagon kuma jan ƙarfen na gaske ne, amma da ya auna kaurin silin da ma'auninsa, ya ƙirga su, sai ya ce bai kai abin da aka rubuta ba. Daga ƙarshe mun saya a wurin dilan da ke karɓo kaya kai-tsaye daga masana'anta. Akwai kamfanonin cikin gida da aka san su da wannan sana'a, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, kuma kayansu na ɗauke da tambarin inganci na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, amma tambari kaɗai ba ya wadatarwa, domin masu jabu ma sun iya buga shi. Na tsaya aka auna mini mita 70 ɗin a kan idona, guda ɗaya ba tare da haɗi ba, aka toshe bakunan biyu da hular roba don kada danshi ya shiga, aka naɗe shi a kan gangarsa ta katako. Nauyinsa ya haura kilo ɗari, sai da majiya ƙarfi suka taru kafin ya hau mota.

Tun da wani ɓangare na ramin zai bi ta gaban filin da ba nawa ba, na je na sami maƙwabcin nawa, na nuna masa inda za a bi, na kuma gaya masa zurfin da za a yi, domin ranar da zai tashi gininsa ya san abin da ke gaban ƙofarsa. Daga nan muka je wurin mai unguwa tare. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, aiki ne zan yi a gefen hanya, na ga bai dace in sa diga ba sai da saninka." Ya tambayi ko za a tare hanyar, na ce a'a, ya kuma ja hankalina cewa kada a bar rami a buɗe da dare ba tare da shinge ba, saboda masu babura da dabbobi. Da titin mai kwalta ne kuma sai an yanka shi, da sai na nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, amma namu aikin bai tsallaka titi ba. A cikin gida kuma mun zana hanyar da farar ƙasa, muka bi gefen katanga da tazarar kusan ƙafa biyu daga harsashinta, muka kauce wa sokawe da ramin masai, muka kauce wa inda nake da niyyar dasa mangwaro da darbejiya, domin saiwar bishiya tana iya ɗaga kebul ko ta matse shi bayan shekaru. A wuri ɗaya tilo da hanyar ta gitta bututun ruwan rijiya, an bar tazarar ƙafa ɗaya a tsakaninsu, kebul ɗin yana ƙasa.

An yi haƙan ne da rani, kuma da gangan na zaɓi haka, domin ramin damina yana cika da ruwa, gefunansa su rufta. Amma rani ma yana da tasa wahalar. Bayan ƙafa ɗaya ta ƙasa mai laushi, sai leburori suka ci karo da marmara, jar tsakuwar nan mai tauri da diga ke yi wa tartsatsi. Mun yi ciniki da su a kan zurfin ƙafa biyu da rabi, wato kusan santimita 75, ta yadda bayan an zuba yashin shimfiɗa kebul ɗin zai kwanta a zurfin da bai gaza santimita 60 ba, sannan a ƙofar shigar mota da wurin da nake kyautata zaton lambatun gwamnati zai bi, sai an kai ƙafa huɗu. Da marmarar ta tsananta, babbansu ya zo ya same ni ya ce, "Alhaji, wannan wayar ai mai sulke ce, ko ƙafa ɗaya aka sa ta babu abin da zai same ta." Ban ga laifinsa ba, domin na ga tafin hannunsa, amma na ƙara musu kuɗi maimakon in rage zurfi. Muka riƙa kwarara ruwa a ramin da yamma, ya kwana yana tsuma marmarar, da asuba su haƙa kafin rana ta ɗaga. Injiniyan ya yanko sanda ya yi mata alama, ya bi ramin taku bayan taku yana dasa ta, duk inda bai kai ba ya sa a ƙara. Sulken kebul yana kare shi daga gafiya da ɓera da matsin ƙasa, amma ba zai hana bakin diga shiga ba idan ƙato ya ɗaga ta da ƙarfinsa, kuma mai digar shi ne zai fara mutuwa. Na ga gidajen da aka tura wayar cikin ɗaki a siririn bututu aka binne ta a zurfin taƙi ɗaya, wai an yi ta ƙasa. Irin wannan ta fi wayar sama haɗari, domin ita ta sama ko ba komai ana ganinta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Da rami ya kammala, an tsince duk wata tsakuwa mai kaifi daga gindinsa, aka zuba yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, kaurin inci huɗu. A ƙofar mota da mahadar lambatu an shimfiɗa bututun PVC mai kauri, mai faɗin inci huɗu, aka lulluɓe shi da kankare, domin nauyin tankar ruwa ko tifa ya sauka a kan kankaren. A gefensa na sa aka kwantar da wani bututun na biyu, fanko, tun daga bakin titi har cikin gida, da igiyar nailan a cikinsa, aka toshe bakunansa, saboda ranar da wayar intanet za ta iso unguwar a zura ta ba tare da an sake fasa komai ba. Kuɗin wannan bututun bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa sabon rami.

Kwantar da kebul ɗin shi ne aikin da ya fi bukatar hannaye da nutsuwa. An zura ƙarfe a tsakiyar gangar aka ɗora ta a kan bulo don ta riƙa juyawa, domin idan aka kwantar da ganga aka warware kebul ta gefe, murɗewa yake yi, murɗaɗɗen kebul kuwa sulkensa yana buɗewa. Mutane suka jeru a bakin ramin, kowa da tazarar 'yan taku tsakaninsa da na gabansa, suna karɓa suna miƙawa, ba a bari ya ja ƙasa ba ko sau ɗaya. A bakin bututu an naɗa tsumma don kada kaifin robar ya yage rigarsa ta waje, domin ƙaramar ƙujewa a wannan riga ita ce hanyar da ruwa zai samu ya kai ga sulke ya fara cin sa da tsatsa a hankali. A kusurwar da ramin ya karya zuwa cikin gida, injiniyan ya sa aka faɗaɗa haƙan, ya ce lanƙwasar kada ta matse fiye da ninki goma sha biyu na kaurin kebul ɗin, wato kusan ƙafa ɗaya daga tsakiyar lanƙwasar. Bai kuma bari a ja shi ya miƙe tsam ba. Ya bar shi yana ɗan karkata dama da hagu a kan yashin, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi ya takure da sanyi, ƙasa ma tana motsi tsakanin rani da damina.

Kafin a zuba ko cokali ɗaya na ƙasa, ya ɗauko na'urar Megger, mai auna yadda rufin waya ke tare wuta, ya gwada rufin kowace jijiya da 'yar'uwarta, sannan kowace jijiya da sulke. Ƙa'ida ba ta yarda da abin da ya gaza mega-om ɗaya ba, sabon kebul mai lafiya kuwa ɗaruruwa yake nunawa, kuma haka namu ya nuna. Ya rubuta sakamakon a takarda. Sannan aka zuba wani yashin inci huɗu a kai, aka jera faifan kankare a kan yashin tun daga farko har ƙarshe, aka mayar da ƙasa ana daɓe ta kashi-kashi da ɗan yayyafin ruwa, kuma da ya rage kusan ƙafa ɗaya a cika, aka shimfiɗa tef ɗin gargaɗi mai launin rawaya. Amfanin wannan jeri shi ne duk wanda zai haƙa wurin nan gaba zai fara cin karo da tef, idan bai kula ba ya ci karo da kankare, kafin ya kai ga abin da zai halaka shi. Bayan an cike ramin ya sake gwadawa da na'urar, domin a lokacin cikon ne dutse ko bakin shebur kan ji wa kebul rauni, kuma lambobin ba su sauya ba.

A wurin falwaya, inda kebul ɗin ya fito daga ƙasa, nan ne rauninsa yake, domin nan ne ido ke ganinsa. Satar kebul na jan ƙarfe ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu, har na jikin taransifoma yankewa ake yi idan an ɗauke wuta. An zura shi a bututun ƙarfe mai kauri wanda ba ya tsatsa, tsawon kusan ƙafa goma daga ƙasa, aka ɗaure bututun da falwayar da maɗauran ƙarfe, aka zuba wa gindinsa kankare, aka toshe samansa don kada ruwan sama ya gangara ciki ya taru. Ba zan ce wannan zai gagari ɓarawon da ya zo da shiri ba, amma zai ɗauke shi lokaci da ƙarar da mai gadin unguwa zai ji. A sama kuma, inda jan ƙarfe zai haɗu da wayar alminiyom ta kamfani, an yi amfani da maɗauri na musamman mai ƙarfe biyu. Idan aka murɗe alminiyom da jan ƙarfe kai-tsaye, kamar yadda ake yawan yi, danshi yana sa alminiyom ɗin ya ci, ɗaurin ya saki, ya riƙa zafi yana tartsatsi, kuma yawancin wutar da ake gani tana ƙyaftawa a kan falwaya da dare daga irin wannan ɗaurin take.

A cikin gida kebul ɗin ya shigo ta bututun da aka bari a harsashi, ya hau zuwa allon rarraba wuta. An kama sulkensa da maƙalar tagulla wadda ke damƙe wayoyin ƙarfen ta haɗa su da wayar atin, wato wadda ke zubar da wutar da ta zurare cikin ƙasa, ta yadda idan wani abu ya huda kebul ɗin, wutar za ta bi sulke ta tsinka fis maimakon ta tsaya tana jiran wanda zai taɓa. Kowace jijiya, ja da rawaya da shuɗiya da baƙa, an matse mata kan ɗauri da na'urar matsewa, ba a dandaƙe shi da guduma ba. Maganar atin ɗin kanta ta jawo 'yar muhawara. Al'adar masu aiki a nan ita ce a kafa sandar ƙarfe guda a zuba mata gishiri da gawayi, kuma gaskiya ne gishiri yana sa ƙasa ta karɓi wuta da sauƙi, sai dai yana cin sandar, ruwan damina kuma yana wanke shi. Injiniyan ya zaɓi kafa sanduna uku masu rufin jan ƙarfe, da tazara a tsakaninsu, aka haɗa su da waya mai kauri, a gefen da ruwan wanke-wanke ke jiƙa ƙasa, ya kuma auna su a tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, domin atin ɗin da ya yi kyau a watan Maris zai fi kyau a watan Agusta. An sa makatsin da ke yanke wuta idan ta zurare da miliampiya 30, wanda shi ne ke ceton rai idan yaro ya taɓa waya. An kuma sa makunnin sauya layi tsakanin wutar kamfani da janareta da sola, irin wanda ba ya barin biyu su haɗu. Wannan na ɗauke shi da nauyi ƙwarai, domin janaretan da ya tura wuta baya ta cikin kebul ɗina zai iya kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana da yaƙinin an kashe layin.

Ranar da aka ɗaura mita, ma'aikatan kamfanin sun duba takardar gwajin, suka duba ɗaurin da ke cikin akwatin, suka rufe shi da hatiminsu. Da aka saki wuta, injiniyan ya sa aka kunna injin ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki biyu a kan layi ɗaya, ya auna a wurin mita ya sami bolt 212, ya dawo allon cikin gida ya sami 209. Ya ɗora bayan hannunsa a kan kebul ɗin bayan ya daɗe yana aiki, babu ɗumin da ya wuce na ɗakin.

Tun ramin yana buɗe na ɗauki hotunansa da waya daga kowace kusurwa, da tef ɗin awo a cikin hoton, muka kuma zana taswira a takarda, muka rubuta nisan kebul ɗin daga kusurwoyin katanga da ginshiƙin ƙofa, wato abubuwan da ba sa gusawa. Kwafi ɗaya yana tare da takardun filin, ɗaya yana manne a cikin murfin allon wuta, ɗaya kuma na bai wa maƙwabcina. A waje an dasa ƙananan tubalan kankare masu alama a kan layin ramin. Na ƙi yarda a shimfiɗa daɓen tsakar gida sai da damina ɗaya ta wuce a kan cikon, kuma bayan ruwan Agusta ƙasar ta ɗan lotsa a wurare biyu, aka ƙara ciko aka daɓe, sannan aka jera tubalan daɓe masu cirewa a kan hanyar kebul ɗin maimakon kankare na bai-ɗaya. Da mai aikin famfo ya zo jan ruwa zuwa ɗakin mai gadi, taswirar na fara miƙa masa kafin ya sauke kayan aikinsa, ya kuma sauya hanyarsa da kusan ƙafa uku.

Abin da ya rage a gabana shi ne ɓangaren da ke wajen katanga. Duk ranar da aikin titi da lambatu ya iso unguwarmu, katafila ce za ta yi haƙan, ita kuwa ba ta san tef ko faifan kankare ba. Na riga na gaya wa mai unguwa da maƙwabcina cewa da zarar an ga masu awo sun fara kafa turaku a layinmu a kira ni, ko ina gari ko ba na nan, domin a kai wa injiniyan aikin taswirar, a kashe layin daga mita, a tone wannan yankin da hannu kafin injin ya iso wurin.